Tambaya da Amsa: "Bam ɗin Hiroshima ne ya dawo da kakana gida"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba Malam. Kakana, Allah ya jiƙansa, tsohon sojan Bama ne. Har ya koma ga Mahaliccinsa yana faɗa mana cewa ba don bam ɗin da Amurka ta jefa wa Jafan ba, da ƙasusuwansa suna can dajin Bama, da mu ma ba a haife mu ba. Kwanan baya kuma na ga hotunan Hiroshima a waya, wallahi ranar ko abinci kasa ci na yi. Wanne zan kama, maganar kakana ko abin da idona ya gani? Daga Hajara, Unguwar Rogo, Jos.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata Hajara. Allah ya jiƙan kakanki, ya sa ya huta.

Na san irinsu. Muna yara a Gangare akwai wani tsoho da muke kira Baba Saje, yana gadi a wani kamfanin kuza. Kunnensa na hagu ba ya ji, sai mutum ya zagayo ta dama kafin ya yi masa magana. Idan ya so hira yakan naɗe ƙafar wandonsa ya nuna mana tabon matsattsaku, ya ce a kwarin Kaladan na ƙasar Bama ya samo su, inda suke ɗaukar akwatunan harsashi a ka cikin ruwan saman da ba ya ɗaukewa. Shi ma abin da kakanki ya faɗa yake faɗi. Don haka kada ki ɗauki kakanki maƙaryaci. Mutumin da ya yi shekaru yana kwana da mutuwa, aka wayi gari aka ce masa yaƙi ya ƙare, dole ya gode wa duk abin da aka ce shi ne sanadi.

Amma bari in ba ki labarin yadda na san shi.

Ranar Litinin 6 ga Agusta 1945, ƙarfe takwas da kwata na safe, wani jirgin yaƙin Amurka ya saki bam guda ɗaya a kan Hiroshima. Bai kai ƙasa ba, an saita shi ya fashe a sama, kimanin mita 600 daga doron ƙasa, don ɓarnarsa ta fi yaɗuwa. Ƙarfinsa ya kai na nakiya tan 15,000. Zafin da ya sauka a ƙarƙashinsa ya kai digiri 3,000 zuwa 4,000, alhali ƙarfe ma a wajen digiri 1,500 yake narkewa. Kafin ƙarshen wannan shekara mutum kimanin 140,000 sun mutu. Bayan kwana uku, ranar 9 ga wata, aka jefa na biyu a Nagasaki, ya kashe kimanin 70,000. Ba Nagasaki aka nufa da fari ba, Kokura aka nufa, amma hayaƙi da gajimare suka rufe garin, matuƙin ya kasa ganin ƙasa, ya juya. Bam ɗin ya fashe ne a unguwar Urakami, inda Kiristocin garin suka fi yawa, kusa da babbar cocinsu.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da fiziks, kuma na lura adadi ba ya shiga zuciyar ɗalibi sai an kawo masa shi ƙofar gida. To ki ɗauka a Taminus ya fashe. Duk abin da ke tsakanin kilomita biyu ya zama toka: Babban Masallaci, Kwararafa, Dilimi, Gangare, Sarkin Arab, coci-cocin tsakiyar gari, masu sayar da dankalin Turawa da kabeji, 'yan Keke Napep da fasinjojinsu, duk cikin ƙiftawar ido, ba a tambayi kowa addininsa ko yarensa ba. Wanda ya tsira kuma ba shi da wurin zuwa, domin asibitin ma ya tafi. A Hiroshima, likita tara cikin kowane goma ya mutu ko ya jikkata a wannan safiya.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran makaranta. Hukuma ta fito da su da sassafe suna rushe gidaje don a buɗe hanyoyin tare gobara, 'yan shekara sha biyu, sha uku, irin waɗanda nake kiran sunayensu a rajista kowace safiya. Kimanin 6,000 daga cikinsu ba su koma gida ba. Waɗanda fatarsu ta saɓule suka riƙa faɗawa koguna neman sanyi. Can sai ga wani baƙin ruwan sama mai danƙo, masu ƙishi suka buɗe baki suka sha, ba su san guba ce ba. Bayan mako ɗaya ko biyu, mutanen da ko ƙwarzane ba su samu ba sai gashinsu ya fara zubewa, dasashi na jini, jiki ya fito da ɗigo-ɗigo, su mutu. Wannan shi ne aikin tururin nukiliya: yana ratsa jiki ya lalata ɓargo da hanji, ba a ganinsa, ba shi da wari. Bayan wasu shekaru sankarar jini ta yi ta ɗibar yara. 'Yan matan da suka tsira da yawa sun rasa mijin aure saboda tsoron abin da za su haifa. Cikin mamatan har da dubban 'yan Koriya, waɗanda da yawansu dole aka yi musu aka kawo su aikin ƙarfi.

Yanzu ga hujjar masu kare abin, kuma ba hujjar banza ba ce. Sojan Jafan ba salihai ba ne. Abin da suka yi a Nanjin ta ƙasar Sin a 1937 ba ya faɗuwa. A tsibirin Okinawa sun yi yaƙi kusan har mutum na ƙarshe. Shugaban Amurka Truman da mutanensa suka ce idan aka shiga Jafan da ƙafa, rayukan da za a rasa, na Amurkawa da na Jafanawa, sun fi na garuruwan nan biyu. Suna kuma nuna cewa ko bayan bam na biyu majalisar yaƙin Jafan rabuwa ta yi uku da uku, sai da Sarki Hirohito ya sa baki, har wasu hafsoshi suka yi yunƙurin juyin mulki a daren 14 ga Agusta don hana miƙa wuya.

Masu suka kuma ba 'yan adawar titi ba ne. Janar Eisenhower, wanda ya jagoranci yaƙi a Turai, ya rubuta cewa ya faɗa wa sakataren yaƙi Jafan ta riga ta faɗi, ba a bukatar wannan makami. Admiral Leahy, babban hafsan Truman kansa, shi ma ya ce bai taimaka ba. Masana kimiyya kimanin 70 cikin waɗanda suka ƙera bam ɗin sun sa hannu a takardar roƙo a watan Yuli kada a jefa shi ba tare da an ba Jafan damar miƙa wuya ba. Sannan ranar 8 ga Agusta Tarayyar Sobiyet ta shelanta yaƙi a kan Jafan, washegari ta kutsa Mancuriya, yankin ƙasar Sin da ke hannun Jafan, kuma masana tarihi da dama suna ganin wannan ne ya karya musu gwiwa fiye da bam ɗin, tunda an riga an ƙone musu garuruwa fiye da sittin. A Tokiyo kaɗai dare ɗaya cikin watan Maris aka kashe kimanin 100,000, ba su sallama ba. Babban abin da Jafanawa suka riƙe shi ne a bar musu sarkinsu. An ƙi ba su tabbaci kafin bam, bayan bam kuma aka bar shi a kan karaga har ya mutu a 1989.

Ga kuma abin da nake so ki riƙe game da kakanki. Rangun, babban birnin Bama a lokacin, ya koma hannun sojan Ingila tun watan Mayu 1945, wata uku kafin Hiroshima. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, inda 'yan Arewa suke da yawa, su ne suka taka Arakan da Kaladan da ƙafafunsu. Kafin bam ya faɗi sun riga sun karya lagon Jafan a Bama. Gaskiya ne da yaƙin ya ja ana iya tura su wani fagen. Amma ni ina ganin kakanki ya ɗauki ladan guminsa ya ba bam, don haka aka faɗa musu a bariki.

Kin tambaye ni wanne za ki kama, ba zan yi miki kwana-kwana ba. Ni a wurina abin da aka yi wa garuruwan nan biyu zalunci ne. Ko da lissafin Truman daidai ne, ban san wata shari'a da ta halatta a ƙone yaron wani don sojanka ya tsira ba. Sayyidina Abubakar da zai tura runduna cewa ya yi kada su kashe mace, ko yaro, ko tsoho tukuf, kada su sare itace mai 'ya'ya, kada su yanka dabba sai don ci. Makamin da ba ya iya bambance soja da jinjiri, babu yadda za a riƙe shi a kiyaye wannan wasiyya. Mu mutanen Jos da muka ga 2001 da 2008, mun san yadda unguwar da aka ƙona take wari bayan kwana uku, mun kuma san kowane ɓangare yana da hujjar da ya ba kansa. Ki yi wa kakanki addu'a, 'yata, ki kuma bar zuciyarki ta ci gaba da ƙin abin da kika gani.

TAMBAYA: Malam, ni gani nake wanda ke da nukiliya ba a taɓa shi. Gaddafi ya ajiye shirinsa aka kashe shi, Yukren ta miƙa nata aka mamaye ta, Koriya ta Arewa kuwa ko kallon banza ba a yi mata. Me zai hana Najeriya ta ƙera nata? Daga Sani, Kubwa, Abuja.

AMSA: Malam Sani, misalanka na nan yadda ka faɗa: Libiya ta ajiye a 2003, Yukren ta amince ta miƙa a 1994. Ƙasashe tara ke riƙe da makaman yau, kimanin guda 12,000, kuma kusan kashi 90 cikin ɗari na hannun Amurka da Rasha. Su ne suke hana wasu abin da suka tara a rumbunsu, wannan rashin adalcin ni ma yana ci mini rai.

Sai dai zaman lafiyar da ake cewa makamin ya kawo, sau da yawa da ƙyar aka sha. Daren 26 ga Satumba 1983, na'urar Sobiyet ta nuna makamai masu linzami sun taso daga Amurka. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke cewa na'urar ce ta yi kuskure, bai kai rahoton hari ba. Ashe hasken rana ne a kan gajimare ya ruɗi tauraron ɗan'adam. Da wani ne mai zafin kai a kujerar, Allah kaɗai ya san inda muke yau.

Mu kuma mun taɓa ɗanɗana. Ranar 13 ga Fabrairu 1960 Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggan, cikin hamadar Aljeriya, wanda ya ninka na Hiroshima sau huɗu, a daidai lokacin hunturu da iska ke kaɗowa daga arewa. Ina ɗan shekara takwas, na tuna mahaifiyata ta ɗaure bakin randa da tsumma, ta hana mu wasa a waje, don ana cewa ƙurar bana da guba. Da Faransa ta sake gwaji na uku a ƙarshen Disamba, gwamnatin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, wata uku kacal da samun 'yanci, ta kori jakadan Faransa a Janairu 1961, ta hana jiragenta na sama da na ruwa shigowa. Ina alfahari da wannan har gobe. Ka kuma sani yawancin yuraniyom ɗin da Amurka ta fara aikin bam da shi daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kwango aka haƙo shi, da hannun baƙar fata.

Afirka ta Kudu ta ƙera bam ɗin nukiliya guda shida, ta kwance su da kanta. Yarjejeniyar Pelindaba ta 1996 ta haramta makamin a nahiyar nan baki ɗaya, Najeriya na ciki, ta kuma tabbatar da yarjejeniyar haramta shi a duniya ranar 6 ga Agusta 2020. Ilimin kansa ba a hana mu ba: akwai ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tun 2004. Sannan ka gaya mini, masu satar mutane a dajin Birnin Gwari, a ina za ka jefa musu bam ɗin da ba zai haɗa da ƙauyukan da suke garkuwa da su ba?

Wata shekara na ari na'urar auna tururin nukiliya na kai ɗalibaina bakin wani tsohon kududdufin kuza a hanyar Bukuru. A cikin aji tana ƙas... ƙas... jefi-jefi. Da muka kara ta a kan baƙin yashin da masu wankin kuza suka bari, sai ta ɓarke kamar ana soya gyaɗa, saboda sinadarin toriyom da ke cikinsa. Ɗaliban suka ja da baya, suka yi tsit. Ga yara can gefe suna birgima a kan tulin, wani mutum kuma yana loda shi a baro zai je ya yi yaɓen ɗaki. Na je na yi masa bayani, ya saurare ni da ladabi, ya ce, "To Malam, wani yashin kuɗi ne, wannan kuwa kyauta ne." Ya tura baronsa ya tafi. Bara na bi ta wurin, tulin yana nan, an ma yi sababbin gidaje a gefensa.