Ajiye filashin nan, ba a fara gyara da fomat

Ka ce laftof ɗin da Alhaji ya kawo da safe tana kunnuwa, ta nuna tambarin Windows, sai allo ya yi shuɗi ta koma farko, haka take ta zagaye. Kuma kana tambaya ko ka yi mata fomat, wato ka goge komai ka sake sa Windows daga filashi, kowa ya huta. A'a yaro, ajiye filashin nan tukuna.

Me ka tambaye shi da ya kawo ta? Tambayar farko a wannan sana'a ita ce: me aka yi mata na ƙarshe kafin ta fara haka? Na kira shi ɗazu. Ashe ɗansa ne ya sa mata wani antibairos (manhajar tsaro) na kyauta jiya da daddare, alhali wanda ta zo da shi daga kamfani yana nan daram. Rabin aikin ya ƙare ke nan tun ba mu taɓa sukurdireba ba.

Antibairos ba irin Word ba ne da zai jira Windows ta gama tashi sannan a buɗe shi. Shi maigadi ne, dole ya riga ɓarawo isa bakin ƙofa, don haka direbansa, wato ɗan guntun manhajar da ke haɗa shi da Windows, yana tashi tun da wuri, a can cikin zuciyar Windows. Manhajar da take waje idan ta yi tuntuɓe ita kaɗai za ta faɗi. Wanda yake ciki kuwa, idan ya faɗi da gidan gaba ɗaya yake faɗuwa. To balle an ajiye masu gadi biyu a ƙofa ɗaya, kowa na cafke fayil ɗin da ɗan'uwansa ya riƙe, kowa na yi wa ɗayan kallon ɓarawo.

Kada ka ɗauka sai ƙananan kwamfutoci irin namu abin yake samu. Ranar 19 ga Yulin 2024, kamfanin CrowdStrike na Amurka ya tura wani ɗan fayil mai kuskure ga manhajarsa ta tsaro mai suna Falcon, wadda ita ma irin wannan maigadin ce. Microsoft ta ce na'urori kimanin miliyan 8.5 ne suka yi shuɗin allo. Jirage suka kasa tashi, ayyukan wasu bankuna da asibitoci suka tsaya cak. Kuma ka san maganin? A shiga Safe Mode, wato yanayin gyara na Windows, a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, a sake kunnawa. Ba sai an yi fomat ba.

Yanzu ga aikinka. Idan shuɗin allon ya fito, ɗauki hotonsa da waya, sau da yawa a ƙasa yana rubuta sunan fayil ɗin da ya jawo, mai ƙarewa da .sys. Sannan ka kunna, da tambari ya bayyana ka danne maɓallin wuta har ta mutu. Yi haka sau biyu ko uku, za ta kai ka shafin gyara da kanta. Bi Troubleshoot, Advanced options, Startup Settings, Restart, ka danna 4. Safe Mode yana tashi ne da abin da ya zama dole kawai, ya bar direbobin baƙi a kwance. Idan ta hau lafiya a nan, alama ce mai ƙarfi cewa matsalar ba daga hadis (faifan ajiyar bayanai) ba ce, ba kuma daga ram (ma'ajiyar wucin gadi) ba ce.

Wataƙila ta nemi lambar BitLocker, wato makullin da Windows ke sa wa hadis, mai lambobi 48. Kada ka yi ta canki-canka. Yawanci tana ajiye a asusun Microsoft na mai ita, a kira shi ya duba.

Da ka shiga, kafin ka taɓa komai, kwashe takardun Alhaji zuwa wani hadis. Wannan nake so ya zauna maka. Mutumin nan lissafin shagonsa na shekaru yana ciki, da hotunan 'ya'yansa. Ina yaro kamarka na taɓa goge wa wata malamar makaranta sakamakon ɗalibanta na zango guda saboda gaggawa, har yau ina ganin yadda ta riƙe haɓa ta kasa cewa uffan. Amana aka ba mu, ba ƙarfe kawai ba.

Wajen cire antibairos ɗin, hanyar da aka saba takan ƙi aiki a Safe Mode, ko ta bar guntayen direba a baya. Manyan kamfanonin antibairos kusan kowanne yana da tasa manhajar sharewa, ka sauko da ita daga shafin kamfanin kansa a kwamfutar shago. Cire duka biyun. Defender, antibairos ɗin Windows kanta, zai farka da kansa idan ya ga babu kowa a ƙofa, kuma ya ishi Alhaji.

Idan Safe Mode ɗin ma ya ƙi, koma Advanced options ka gwada System Restore, ya mayar da Windows yadda take shekaranjiya. Idan wannan ma ya ƙi, kira ni mu zare hadis ɗin mu kwashe kayan, sannan a yi maganar fomat. Maza jawo caja ka fara, Alhaji ya ce bayan La'asar zai dawo.