Wasiƙar da ke akwatin Kaka: ta kai a yi gwanjonta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna kwashe kayan marigayi kakanmu sai muka tarar da wata wasiƙa da Faransanci a ƙasan akwatinsa na ƙarfe. Ya yi sojan Faransa kafin fataucin goro ya kawo shi Kumasi. Wanda ya karanta mana ya ce ta'aziyya ce da yabon Marshal Foch, ta shekarar 1929. Wani dillali ya taya sidi 2,000, ni kuma na ji ana gwanjon irinta a Turai. In sayar? Daga mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan tsoho. Ɗan'uwa, kada ka yi saurin cewa dillalin nan albarka.

Shekarar dai ta yi daidai. Ferdinand Foch shi ne babban kwamandan rundunar ƙawance a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, shi ya jagoranci yarjejeniyar tsagaita wuta a cikin taragon jirgin ƙasa ranar 11 ga Nuwamba 1918, ya kuma rasu a watan Maris na 1929. Sai dai sunansa kaɗai ba ya sa takarda tsada, domin mutum irin wannan in ya mutu, kowa ma ta'aziyya yake rubutawa. Abin da masu gwanjo ke tambaya shi ne: hannun wa ya rubuta, wa aka aika wa, kuma ta ina ta biyo har ta iso gare ka? Kamar isnadin hadisi ne, in an samu giɓi daraja ta faɗi.

Ka fito da ita hasken safiya, ka ɗan karkata ta. Alƙalami yana barin sawu a jikin takarda, tawadar da kuma takan koma ruwan ƙasa, wani wuri kauri wani wuri siriri. In ko'ina baƙi ne sumul, har sa hannun, to bugun inji ce, irinta da yawa.

Ina roƙonka kada a yi mata laminatin. Na ga wani dattijo a unguwar Nima ta Accra da ya kai takardar sallamar mahaifinsa daga soja shago, leda ta manne da rubutun, ba mai iya raba su kuma. Ka sa ta tsakanin fararen takardu biyu, nesa da laima da gara, ambulan ɗin ma kada a yar.

Gidajen gwanjon Faris, irin masu sayarwa a Drouot, babban zauren gwanjon birnin, sukan yi ƙiyasi daga hoto, kuma suna cire la'adarsu. In ta tabbata takardar hukuma ce, gwamnatin Faransa na iya cewa tata ce. Fara kai ta ofishin adana takardun tarihi na PRAAD da ke nan Kumasi su duba. Sannan kayan gado ne, sai ka tara sauran magada kafin a yi maganar kuɗi.