Me ya sa ban bari ka ɗaura batir ba

Jiya a hanyarmu ta dawowa daga Jega ka tambaye ni dalilin da ya sa na hana ka ɗaura batir ka gwada tayar da Marsandin nan, alhali masu ita sun ce lafiyarta lau aka ajiye ta. Na ga ranka bai so ba, don har ka riga ka sauko da batirin. Ban so in amsa maka a gaban masu mota ba. Jawo benci ka zauna, ɗana.

Motar nan 280SE ce, ƙirar W126, wadda mutanenmu ke kira Kwankod. Daga 1979 zuwa 1991 aka yi ta ƙera irinta a Jamus, amma injin da ke cikin wannan, M110 mai silinda 6, tun 1985 aka daina sa shi a wannan ƙirar. Ɗan marigayin ya ce tun rasuwar mahaifinsu aka rufe ta, shekara 18 ke nan. Ban ƙaryata shi ba, lafiya aka ajiye ta. Sai dai damina 18 ta wuce ta kanta, da hunturu 18, da zafin bazarar Kebbi da ka sani.

Duk bakin man da ke saman injin ya daɗe da gangarawa ƙasa, bangon silinda ya bushe ƙayau. Kuma duk inda injin ya tsaya, dole akwai silindar da bawul ɗinta ke buɗe. Ta nan laimar damina ke shiga, tsatsa ta kama bango, ringin ya manne da fistin. Kik ba shi da tausayi, da ƙarfi yake juyawa. Kana murɗa makulli sai ringin ya karye ya karce silinda. Ina yaron gareji na ga an yi wa wata 230E haka a kan idona. Ta tashi kuwa, har aka yi tafi, ba ta yi minti biyu ba ta fara ƙara da hayaƙi. Injin da mako ɗaya na haƙuri zai cece shi, sai da aka sauke shi gaba ɗaya. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Shi ya sa aikin farko da hannu za mu yi shi. Za ka hure ƙurar da ke gefen fulogi kafin ka kwance su, don kada ta faɗa ciki. Ka zuba ɗan man giya ja a kowace silinda, kamar cokali biyu, mu bar ta kwana uku ko huɗu yana jiƙa tsatsar. Mu buɗe murfin sama mu shafe kamshaf ɗin biyu da sabon mai, mu duba sarƙa da robobin da take bi a kai. Sannan ka sa soket mai lamba 27 a kan notin fulin gaba ka juya a hankali, ta inda agogo ke juyawa idan kana fuskantar injin. Kada ka koma baya, sarƙar na iya tsallake haƙori. In ka ji ya cije, ka tsaya. Ban yarda ka ƙara wa sifana bututu ka hau kai ba. Ka ƙara mai, mu ƙara kwana. Sai ya zagaya sau biyu cif ba tare da ya maƙale ba hankalina zai kwanta.

Inda na fi jin tsoro shi ne wajen fetur. Ka ji warin da ya fito da na buɗe tanki, kamar tsohon fenti? Fetur in ya daɗe, mai sauƙinsa ya tashi, abin da ya rage ya koma danƙo kamar ƙaro. Motar nan kuma ba kabureta gare ta ba, K-Jetronic ce ta kamfanin Bosch. Famfonta yana ƙarƙashi ta baya kusa da tanki, yana turo mai da ƙarfin matsi kusan bar 5 zuwa wani kan ƙarfe da ke raba wa nozul shida. A tsakiyar kan nan akwai wani siririn ƙarfe mai hawa da sauka, an goge shi daidai ramin da yake ciki, ko gashi ba zai wuce ta gefensa ba. Da ka ɗaura batir jiya ka buɗe makulli ka murɗa, da famfon ya kwaso danƙo da tsatsar tanki ya cusa a can. Don haka tanki zai sauko a wanke, a canza filta da duk wani tiyon roba. Siririn ƙarfen nan kuwa a jiƙa shi a wanke shi da fetur mai tsabta, kada sanfefa ta kusance shi.

Za ka ji wasu na cewa a cire duk wannan a ɗora kabureta a huta. Ni ba na yi. Ɗan marigayin ba motar haya yake nema ba, motar da mahaifinsa ke kai su Idi da ita yake so ya sake ji tana aiki yadda ya santa. In kayan sun gagara a nan, a aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Ladipo a Legas.

Kafin wuta ta shiga jikinta, mai rewaya zai bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, don na ga kashin ɓera a ƙarƙashin bonet, kuma wayar da aka gwaguye ita ke ƙona mota. Ka leƙa gidan filtar iska da bakin salansa, zanzaro na son gini a irin wuraren nan. Lagireto a wanke, tiyoyinsa da fanbel duk sababbi.

Ranar tayarwa ma ba kai tsaye ba ne. Sabon bakin mai da filta, fulogi a waje, a cire rilen famfon fetur, sai a yi ta ba ta kik kaɗan-kaɗan har allurar bakin mai a dashbod ta ɗaga. Sannan a mayar da fulogi. In ta kama za ta yi hayaƙi fari-shuɗi na ɗan lokaci, man da muka zuba ne ke ƙonewa, kada ka firgita, kada kuma ka taka totur. Kunnenka a kan injin, idonka a kan allurar zafi.

Ko ta tashi ba za ta taka titi ba sai an gama da birki. Man birki yana shan ruwa daga iska, fistin ɗin kalifa, masu matse faifan birki, su yi tsatsa, tiyo ya kumbura ta ciki alhali a waje yana nan kamar sabo. Tayoyin ma kada zanensu ya ruɗe ka, robar ta mutu. Kuma da yake giyarta otomatik ce, ba za a ja ta da igiya daga Jega zuwa Birnin Kebbi ba, a kan babbar mota za a ɗoro ta.

Gobe bayan asuba ka haɗa soket 27, sifanar fulogi, man giya lita ɗaya, tocila da jarkoki biyu na zuba tsohon fetur. Batirin ka bar shi a gareji.