Amsa: Shin hana adaidaita sahu zai rage cunkoso a Kano?

Malam, ka tambaya ko hana adaidaita sahu zai rage cunkoson birni. A ganina ba zai rage ba, sai an tanadi abin da zai maye gurbinsa. Ka tuna da aka hana acaɓa a Kano a 2013, ai adaidaitan ne suka cika titi, domin dole mutane su je kasuwa.

Dubi Legas. A 2008 suka fara bas ɗin BRT, wato babban bas na jigilar jama'a cikin sauri, daga Mile 12 zuwa CMS, suka ware masa layinsa shi kaɗai. Layin nan shi ne sirrin, don bas ɗin da ya maƙale a cunkoso ba wanda zai jira shi. Irin wannan bas ɗin ya kamata a tanada a Kano, su kuma 'yan adaidaita a bar musu cikin unguwanni, su riƙa kawo fasinja tasha.