Tambaya da Amsa: Zango Ɗaya a Jami'ar Waje ga Ɗalibin Gudanar da Kasuwanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a sashen gudanar da kasuwanci a wata jami'a nan Kano. Na ji ana musayar ɗalibai, mutum ya je Turai ya yi zango ɗaya ya dawo. Ta ina ake farawa, kuma a wane aji ya fi dacewa in tafi? — Wani ɗalibi daga Ɗorayi

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka fara da sanin cewa a musaya kana nan a matsayin ɗalibin jami'arka, kuma ita za ta ba ka digiri. Aron aji kawai za ka yi a can. Saboda haka ƙofa ɗaya ce: yarjejeniyar da ke tsakanin jami'arka da waccan. Jami'arka ce ke tantancewa ta aika sunanka. Duk dillalin da ya ce ka kawo kuɗi ya samo maka gurbin musaya, ka riƙe kuɗinka. Ka je ofishin da ke kula da hulɗa da jami'o'in waje ka tambaya ko yarjejeniyar ta shafi tsangayarku, domin sau da yawa ta wani fanni ce kaɗai, kamar aikin gona ko injiniya.

Shirin da aka fi sani shi ne Erasmus+ na Tarayyar Turai, wanda tun 2015 yake karɓar ɗalibai daga ƙasashen da ba na Turai ba. Ana zama daga wata 2 zuwa 12, kuma jami'ar da ta karɓe ka ba ta cajin kuɗin makaranta.

Aji uku ya fi. A aji biyu ba ka gama tushe ba, irin su lissafin kuɗi, tattalin arziki da ƙididdiga. A aji huɗu kuwa furojet na jiranka.

Abin da ke kayar da ɗalibai ba biza ba ce, takardar yarjejeniyar karatu ce. A cikinta ake jera kwasa-kwasan da za ka ɗauka a can, gefe guda kuma waɗanda za su maye gurbinsu a nan, mutum uku su sa hannu: kai, jami'arka, da jami'ar da za ta karɓe ka. Ka sauko da bayanin kowane kwas daga shafin waccan jami'ar, ka buga, ka zauna da kodinetan ajinku da shugaban sashe ku gwada ɗaya bayan ɗaya. A Turai cikakken zango kiredit 30 ne a tsarin ECTS, wato ma'aunin nauyin kwas na jami'o'insu, kowane kiredit aikin awa 25 zuwa 30 ne har da karatun ɗaki, don haka ba daidai yake da yunit ɗinmu ba. A rubuta ƙarara cewa kwas kaza mai kiredit 6 ya tsaya a madadin kwas kaza mai yunit 3.

Wasu kwasa-kwasan suna haɗuwa ba wahala: tallata haja, kula da ma'aikata, sarrafa kuɗin kamfani, tsara dabarun kasuwanci. Lissafin kuɗi ma haka, tunda Najeriya ta koma tsarin IFRS, wato ƙa'idojin rahoton kuɗi na duniya, daga 2012, wanda kamfanonin da ke kasuwar hannun jari a Turai suke bi tun 2005. Amma dokar kamfanoni ta CAMA 2020, da harajin Najeriya, da kwasa-kwasan GST, ba za ka same su a can ba. Ka san tun yanzu yaushe za ka ɗauke su, in ba haka ba su zame maka kariyoba. Idan ka isa ka tarar an soke wani kwas ko lokutan biyu sun ci karo, abin da ke faruwa sosai, ka gyara takardar a makonnin farko, a sake sa hannu. Alkawarin baki na wani malami ba ya zuwa gaban majalisar jami'a ranar tantance sakamako, kuma shugaban sashe yana iya canzawa kafin ka dawo.

Sai kalanda. Yawancin jami'o'in Turai suna buɗewa a Satumba ko Oktoba, zango na biyu kuma wajen Fabrairu. A Jamus na biyun sai Afrilu. Namu kuwa yajin aiki ya sha gurɓata shi. Na ASUU a 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ka ɗora kalandar biyu a kan juna. In zangon can ya ratsa tsakiyar zanguna biyu na nan, za ka rasa jarrabawa biyu saboda tafiya ɗaya. Wanda shekarunsa suka matso 30 ya lura sosai, domin wanda ya haura 30 a lokacin kammalawa ba ya zuwa bautar ƙasa.

Tambaya: Malam, yaya makin da na samu a can zai shiga CGPA ɗina? — Wata ɗaliba daga Gwammaja

Amsa: Malama, wannan ma a rubuta shi kafin ki tashi. A nan A tana farawa daga 70. A Faransa maki a kan 20 yake, 10 ce matakin ci, kuma 14 sakamako ne mai kyau ƙwarai, don malamansu ba sa sakin 17 ko 18 da sauƙi. Jamus kuwa a juye take: 1.0 ce ƙololuwa, 4.0 ci da ƙyar, 5.0 faɗuwa. Jami'in jarrabawar da bai san haka ba zai ga 1.3 ya ɗauka kin kusa faɗi, alhali kin yi fice. Ki roƙi waccan jami'ar ta haɗo da bayanin tsarin makinta tare da takardar sakamakonki, ki kuma tambayi sashenku ko makin zai shiga lissafi ko kuwa za a rubuta an ci ne kawai.

Ki shirya wa salon koyarwarsu. A fannin kasuwanci kaso mai tsoka na maki yana fitowa daga aikin rukuni, nazarin matsalar wani kamfani da gabatarwa a gaban aji. Mai shiru yana asarar maki. Ke kuma kina da abin faɗa: yadda ake ba da kaya bashi bisa amana a Kantin Kwari, ko yadda hatsi ke bi ta Dawanau ya tsallaka iyaka, misalai ne da 'yan ajinki ba su da su. Kwafe rubutun wani ba tare da ambaton mai shi ba kuwa yana iya jawo soke kwas ɗin gaba ɗaya, kuma suna da manhajar da ke kamawa.

Tambaya: Yarona ya ce komai kyauta ne. Ni ɗan kasuwa ne, na san ba a yin haka. Nawa zan tanada? — Wani mahaifi daga Kasuwar Singa

Amsa: Alhaji, gaskiyarka. Idan Erasmus+ ne, ana ba ɗalibi tsakanin Yuro 800 zuwa 900 a wata gwargwadon ƙasar, da gudummawar kuɗin jirgi. Sai dai galibi kuɗin ba ya shiga hannu sai ya isa, wani lokaci sai ya buɗe asusun banki a can. Fasfo, kuɗin biza, inshorar lafiya, zirga-zirga zuwa Abuja ko Legas, kuɗin ajiyar ɗaki, hayar wata na farko da kayan sanyi, duk daga aljihunka za su fara fita. Ka tanadi abin da zai riƙe shi wata biyu. Rajistar jami'arsa ta nan ma zai biya kamar kullum.

Ba kowace musaya ce ke da tallafi ba. Wata kuɗin makaranta kawai take yafewa. A irin wannan sai an nuna shaidar kuɗi: Jamus tana neman Yuro 992 na kowane wata a rufaffen asusu (wanda ake cira daga ciki wata-wata) tun Satumban 2024, Faransa kuma a 2025 Yuro 615 take nema, kuma ana bi ta Campus France, hukumarta mai kula da ɗaliban waje. A duba adadin a lokacin nema, don yana canzawa.

Kada ya nemi bizar ziyara ta Shengen, wato ta gajeren zama a ƙasashen Turai. Kwana 90 ce cikin 180, zango kuwa ya fi haka; biza mai dogon zama ta ɗalibi ake nema, kuma ya fara neman ranar ganawa a ofishin biza da zarar takardar karɓa ta iso. Kafin nan ku duba sunansa. Muhammad a NIN, Mohammed a takardar makaranta, Muhd a WAEC: wannan kaɗai yana iya cinye makonni. Ranar haihuwa ma ta zo ɗaya a ko'ina.

Tambaya: Dole ne in yi IELTS? — Wani ɗalibi daga Hotoro

Amsa: Ba kullum ake neman wannan jarrabawar Ingilishin ba. Jami'o'i da dama suna karɓar wasiƙa daga jami'arka cewa da Ingilishi ake koyar da kai, matakin iya Ingilishi da suke nema kuwa yawanci B2 ne a ma'aunin harshe na Turai. Ka tambaye su a rubuce kafin ka kashe kuɗi. In sun dage, sakamakon IELTS shekara 2 yake aiki, kada ka yi shi da wuri. Ka kuma tabbatar kwasa-kwasan da ka zaɓa da Ingilishi ake koyar da su a zangon da za ka je, domin a matakin digiri na farko da yawa da harshen ƙasar ake yi.