Me ya sa dajin da ya ƙone ya fi saurin fitar da tsiro?

Tambaya: Malam, na karanta cewa a dazukan arewacin Kanada, itatuwa masu ganye kamar allura sun fi tsirowa a inda gobara ta ci. Wuta ba kashe iri take yi ba?

Amsa: Ɗan'uwa, amsar tana ƙarƙashin ƙafarka da za ka taka dajin. A wannan daji da ake kira taiga, wanda ya ratsa Kanada da Alaska da Finlan da Suwidin har Saiberiya, ba ƙasa ake takawa ba. Wata shimfiɗa ce ta gansakuka da busassun allurai, mai laushi kamar katifa, wani wuri kaurinta ya wuce kamu ɗaya. Sanyi ne ya hana ta ruɓewa, sai ta yi ta taruwa shekara da shekaru.

To, ƙwayar irin baƙin sufurus, ɗaya daga cikin itatuwan nan masu ganye kamar allura, bai kai ƙwayar riɗi girma ba, guzurinsa kaɗan ne. In ya faɗa kan katifar nan ya tsira, 'yar saiwarsa sai ta tsaya a rataye, ba ta kai ga ƙasa ba. Rana ta yi kwana biyu, saman gansakukar ya bushe ƙayau, shi ke nan tsiron ya mutu. Wanda ya tsallake wannan kuma, ganyen wasu itatuwan ya zubo masa da kaka, dusar ƙanƙara ta danne, ya kwana nan.

Aikin da wuta ke yi shi ne yaye katifar. Ƙasa ta bayyana, rana ta ɗumama ta, ga danshi kusa. Wani nau'in icen fayin na Kanada, shi ma mai ganye kamar allura, jiran wutar ma yake: ƙwanson da irinsa ke ciki liƙe yake da danƙo, ba ya buɗewa sai zafi ya kai wajen digiri 50, sannan iri ya zubo kan toka. Amma ba kowace wuta ba. Wadda ta lashi sama ta wuce, ta bar shimfiɗar da kaurinta, ba ta tsinana komai ba. Haka in gobara ta sake dawowa kafin matasan itatuwa su fara iri, filin sai ya koma hannun masu faɗin ganye.

Inda wuta ta daɗe ba ta zo ba, duba ruɓaɓɓen gungume. Za ka ga 'yan tsirrai sun jeru a bayansa reras, don yana riƙe ruwa, ya kuma ɗaga su sama da tarin ganye. Shi ya sa ni ban ga hikimar kwashe kowane mataccen ice da sunan tsabtace daji ba.

A Finlan da Suwidin, bayan an sare katako, inji ake sa wa ya kankare shimfiɗar ko ya juyo ƙasa ya yi 'yan tuddai, a dasa a kai. Akwai wani ƙwaro mai gaigayar ɓawon dashe, shi kuwa ba ya son taka tsirarar ƙasa, don haka dashen da ke tsakiyar tudu ya fi tsira daga bakinsa.