An maida ni Diffa ba shawara, ina zan kai kukana?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni direba ne a biron wata hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya nan Damagaram, shekara 9 ina jan motarsu. Sati uku ke nan shef ya miƙo min takarda wai an maida ni Diffa, ba wanda ya tambaye ni kuma ko dala ba a ambata ba ta kwasar kaya, ga yarana huɗu a lakwal ga tsohuwata ba lafiya tana wajena. Abokai sun ce in tafi wajen sufetan aiki, shi kuma shef ya ce in yi haƙuri zai yi magana da Yamai. Mi zan yi?
Wani direba, Garin Malam

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya ba tsohuwa lafiya. Wallahi ba takardar ce ta fi tada min hankali ba, wannan "yi haƙuri" ɗin ne, domin kwanaki na tafiya kana zaune. In kontiraginka na cikakken ma'aikaci ne a hukuma irin su UNICEF, HCR ko PNUD, kwana 60 kacal gare ka daga ranar da takardar ta shigo hannunka ka nemi hukumar a rubuce ta sake duba hukuncin, ka ga ka riga ka cinye 21, kuma alkawarin baki na shef ba ya tsayar da lissafin nan ko da niyyarsa mai kyau ce. In amsarsu ba ta yi maka ba sai kotun ma'aikatan Majalisar, wadda ta fara aiki a 2009, tana zama a Niyok da Janeba da Nairobi, nan kuma wa'adin shigar da ƙara kwana 90 ne. Kada nisan ya tsorata ka, ta intanet ake shigar da ƙara kuma akwai ofishin lauyoyi da ake kira OSLA mai tsaya wa ma'aikata kyauta. Hukumomin PAM da FAO na abinci da noma da OMS ta lafiya su kotunsu daban ce a Janeba, wa'adinsu ma daban.

Maganar sufetan aiki kuwa, abokanka da ONG suke tunani, wato ƙungiyoyi masu zaman kansu, su ne ke ƙarƙashin dokar aikin Nijar ta 2012. Majalisar tana da kariya tun yarjejeniyar 1946, kotun gida ba ta jan ta.

Ba zan ɓoye maka ba, ƙa'idarsu ta ba hukuma dama mai faɗi ta canja wa ma'aikaci wuri, "ba na so" kaɗai ba ya cin shari'a. Abin da ake dubawa ko an bi ƙa'ida, ko akwai ƙullin gaba a ciki. Sai dai kai a Damagaram aka ɗauke ka, Diffa kuma wajen kilomita 470 ce sai ka wuce Gure da Maine, dan haka buɗe kontiragin ka ga garin da aka rubuta, sannan ka tambaye su a rubuce wa zai biya motar kaya, wane alawus ke biye da wurin. In kuma kontiragin na ɗan kwangila ne to kotun nan ba taka ba ce, karanta shafin ƙarshe inda aka faɗi yadda ake raba gardama.

Kuma kar ka ƙi tafiya da gaban kanka ɗan'uwa, ƙorafi ba ya dakatar da umarni sai ka roƙi kotun ta dakatar, in ka zauna gida za su iya cewa ka gudu daga aiki. Yau ɗin nan ka yi fotokofin takardar da ta asibitin tsohuwa, ka rubuta wa OSLA kafin Juma'a.